RA'AYINMU: Dukiyar da ke kwance a tafkunan kanwa, da darasin da Kenya ta koya da latti

Duk wanda aka taɓa zura wa auduga a hanci don gwajin korona na PCR ya ci moriyar wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a cikin ruwan zafi a wani daji na Amurka, ko ya sani ko bai sani ba. Haka ma wanda aka auna masa yawan ƙwayar cutar HIV a jini, da wanda aka tabbatar yana ɗauke da zazzaɓin Lassa, da mutumin da kotu ta tura gwajin DNA don a san ko shi ne uban yaro. Yawancin waɗannan gwaje-gwaje sun dogara ne a kan wani sinadari guda da aka samo daga wannan halitta, wadda ido ba ya iya gani sai da madubin likita.

Wannan jarida ta ga ya dace ta tsaya a kan batun, domin a ƙarƙashin kimiyyar akwai tambaya ta dukiya: wa ke da ita, wa ke cin ribarta, kuma me ya rage wa mutanen da aka ɗebo ta daga ƙasarsu.

Sinadarin da ake magana a kai shi ne abin da masana ke kira inzayim. Wani nau'in furotin ne da jikin kowace halitta ke ƙerawa domin ya hanzarta aikin da in babu shi zai ɗauki lokaci mai tsawo. Ba baƙon abu ba ne a gidajenmu, sunan ne kawai baƙo. Idan mai kunun zaki ta zuba tsiro a cikin damammen gero, kunun ya saki ya yi zaƙi ba tare da sukari ba, inzayim ne ya yanyanka sitacin ya mayar da shi sukari. Idan aka naɗe nama da ganyen gwanda ya yi laushi, shi ne. Yawun bakinmu ma yana ɗauke da nasa. Sai dai inzayim yana da rauni guda babba: ba ya jure wahala. Zafi ya yi yawa, ya lalace kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a kasko, kuma ba ya komawa yadda yake. Gishiri ko tsami ko kaifin kanwa ya wuce kima, nan ma ya daina aiki. Masana'antu kuwa a cikin irin wannan yanayi suke aiki, tukunyarsu ko dai tana tafasa ko tana cike da ruwan toka. Shi ya sa masu neman inzayim mai juriya suka koma neman halittun da wahala ce gidansu.

A shekarar 1966 wani malamin jami'a, Thomas Brock, tare da ɗalibinsa Hudson Freeze, suka ɗebo samfuri daga wata maɓuɓɓugar ruwan zafi a gandun dajin Yellowstone da ke Amurka. A wancan lokacin masana da yawa na ganin rayuwa ba ta yiwuwa sosai a irin wannan zafi. Sai ga wata bakteriya tana hayayyafa hankali kwance a wajen digiri 70 na ma'aunin Salshiyas. Suka raɗa mata suna Thermus aquaticus, suka wallafa bayaninta a 1969, Brock kuma ya ajiye samfurinta a wata ma'ajiyar ƙwayoyin halitta inda kowane mai bincike zai iya samu da kuɗi kaɗan. Bai je neman magani ko kayan sayarwa ba, tambayarsa ita ce iyakar zafin da rai zai iya ɗauka.

Shekaru suka shuɗe. A 1983 Kary Mullis, ma'aikacin kamfanin Cetus a Kalifoniya, ya fito da dabarar da ake kira PCR, wadda ke ɗaukar ɗan guntun DNA ta yi ta kwafarsa har ya yi yawan da za a iya aunawa. Kowane zagaye yana ninka adadin biyu, zagaye 30 kan kai kwafi kusan biliyan ɗaya. Matsalar ita ce a kowane zagaye sai an ɗumama kwalbar zuwa wajen digiri 95 don igiyoyin DNA biyu su rabu, kuma wannan zafi yana kashe inzayim ɗin da ke yin kwafin. Dole ma'aikaci ya tsaya a kan aikin yana ƙara sabo bayan kowane zagaye, ga wahala ga tsada. Da aka gwada inzayim ɗin bakteriyar Brock, wanda aka taƙaita sunansa zuwa Taq, sai aka ga sau ɗaya ake zuba shi, ya jure zafin har ƙarshen aiki. Daga nan ne aka iya miƙa aikin ga na'ura. A 1991 kamfanin Hoffmann-La Roche na Suwizalan ya sayi haƙƙin mallakar dabarar a kan dala miliyan 300. A 1993 Mullis ya samu kyautar Nobel. Gandun dajin da aka ɗebo halittar daga cikinsa bai samu ko kwabo daga wannan ciniki ba, abin da ya sa a 1997 hukumarsa ta ƙulla yarjejeniyar raba riba da wani kamfani mai suna Diversa kafin ta bar shi ya ɗebi samfuri.

Taq shi ne ya fi suna, amma ba shi kaɗai ba ne. Daga bakin teku kusa da tsibirin Vulcano na Italiya an samo wata halitta, Pyrococcus furiosus, da ta fi jin daɗi a digiri 100, kuma inzayim ɗinta ya fi Taq ƙarancin kuskure wajen kwafi. Daga wani tafki a yankin ƙanƙara na Antaktika an samo wani yis da inzayim ɗinsa mai sarrafa mai ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi amfani da su wajen haɗa magunguna da man dizal na tsirrai. A Japan, Farfesa Koki Horikoshi ya shafe rayuwarsa yana nazarin bakteriyar da ke son ruwa mai kaifin kanwa, kuma a 1987 kamfanin Kao ya fitar da garin sabulun wanki mai suna Attack da ke ɗauke da irin wannan inzayim. Masu yin takarda suna amfani da wasu don rage yawan sinadarin kulorin da suke zubawa wajen farantar da ita. Masu juya sitacin masara zuwa sukari da itanol suna buƙatar wanda zai yi aiki a tukunyar da zafinta ya haura digiri 100.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa, don kada a ɗauka kowane kududdufi rijiyar mai ce: kaso mafi yawa na inzayim ɗin da masana'antu ke saya a yau daga halittu na gama-gari yake fitowa, waɗanda aka gyara a ɗakin bincike. Daga dubban samfuran da ake ɗebowa daga wurare masu tsanani, ƙalilan ne ke kai wa kasuwa. Amma idan ɗaya ya kai, ribarsa na iya biyan kuɗin sauran duka.

Labarin da ya fi kusa da mu ya faru ne a Kenya. A cikin babban kwarin da ya ratsa ƙasar akwai tafkunan kanwa irin su Bogoria da Nakuru da Magadi. Ruwan Bogoria ya kai wajen 10 a ma'aunin pH, wato kaifinsa ya kusa na ruwan sabulu mai ƙarfi, ga maɓuɓɓugai masu tafasa a gefensa. Tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 masu bincike daga Jami'ar Leicester ta Ingila, tare da abokan aikinsu na masana'anta, sun ɗebi samfura daga waɗannan tafkuna. Daga baya kamfanin Genencor na Amurka ya fitar da inzayim biyu da asalinsu ke komawa can. Ɗaya ana kiransa Puradax, yana shiga sabulun wanki don ya cire ƙananan zaren da ke tashi a jikin auduga, tufa ta koma kamar sabuwa. Ɗayan, IndiAge Neutra, shi ke koɗar da wandon jins ya yi laushi ya yi kamar an daɗe ana sawa, aikin da a da sai an zuba duwatsu a cikin injin wanki. A 2004 hukumar kula da namun daji ta Kenya ta fito fili ta ce an kwashi wannan dukiya ba tare da izininta ba, ta kuma yi barazanar kai Genencor da Procter & Gamble kotu. Genencor ya musanta, ya ce da takardun izini aka ɗebi samfuran. Babu wani hukuncin kotu da ya dawo wa Kenya da abin da take nema.

Abin da ya ƙara wa labarin ɗaci shi ne mutanen gefen tafkin. Al'ummar Endorois, makiyaya ne da aka tasa daga bakin Bogoria a shekarun 1970 don a mayar da wurin gandun namun daji, kuma sai a 2010 Tarayyar Afirka ta amince da hukuncin hukumarta ta kare haƙƙin ɗan'adam cewa an zalunce su. Wato a lokacin da laka daga tafkin kakanninsu ke gyara wandunan samarin Turai, su ko shiga wurin da dabbobinsu sai da wahala. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kenya ta ɗan farga daga baya. A 2007 hukumar namun dajin ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Novozymes na Denmak, kuma bayan wasu shekaru wani ɗan kaso ya isa hannun mutanen yankin. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma sun nuna bambancin da ke tsakanin yarjejeniyar da aka rubuta kafin ɗiba da ihun da aka yi bayan hari.

Akwai dalilin da ya sa wannan dukiya ta fi man fetur da zinariya saurin kuɓucewa. Mai haƙar zinariya dole ya dawo ramin kullum, ana ganinsa, ana iya tare motarsa a hanya. Mai neman inzayim sau ɗaya yake buƙatar tafkin. Cokali guda na laka ya ishe shi. Idan ya koma gida ya gano guntun DNA da ke ba da umarnin ƙera inzayim ɗin, sai ya dasa shi a cikin wata bakteriya mai sauƙin kiwo, ya yi ta nomanta a manyan tankunan ƙarfe har illa masha Allah. A yau ma ba lallai ne a ɗauki lakar a jirgi ba. Ana karanta DNA ɗin, a ɗora bayanan a rumbun intanet, wani a wata nahiya ya sauke su ya ƙera abin da yake so ba tare da ya taɓa sanin inda tafkin yake ba.

Dokokin duniya suna bin abin a baya ne suna haki. Yarjejeniyar kare nau'o'in halittu da aka cimma a Rio a 1992 ta amince cewa kowace ƙasa ce ke da iko da albarkatun halittunta. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta ce sai an nemi izini tun kafin ɗiba, an kuma yi ittifaƙi kan rabon amfani. Amurka, gidan da yawa daga cikin manyan kamfanonin, ba ta tabbatar da ko ta farkon ba. A taron Cali na Kolambiya a 2024 aka amince da kafa asusu da manyan kamfanonin da ke cin moriyar bayanan DNA za su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na ribarsu, ko kashi 0.1 na kuɗin shigarsu. An yaba da matakin, mu ma muna yabawa. Amma babu wanda zai ɗaure kamfanin da ya ƙi biya, kuma ƙasar da ba ta da rajistar abin da ke cikin ruwanta ba ta da bakin cewa wannan nawa ne.

To, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne kanwar da ke cikin miyar kuka da wadda ake ba shanu ba daga sama take faɗowa ba. Tun zamanin fatake ana ɗauko ta daga ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Chadi da Dallol Bosso, gishiri kuma daga Bilma da Fachi da Tegidda. Waɗannan wurare tafkuna ne da ramuka masu kaifin kanwa da gishiri, ƙarƙashin rana mai ƙuna, irin yanayin da ya ja masu bincike zuwa Kenya. A yankin Kanem na Chadi matan Kanembu sun daɗe suna tace wani koren tsiro daga tafkunan kanwa, su shanya shi a kan yashi su yi abin da suke kira dihe. Shi ne sifirulina da ake sayarwa da tsada a shagunan magani na Turai. A duwatsun Tibesti akwai ramin kanwa mai girman gaske da maɓuɓɓugan ruwan zafi na Soborom. A Najeriya akwai rijiyoyin gishiri na Keana da Awe a Jihar Nasarawa. Tunda an ambaci Awe, masu iya magana sun riga sun faɗa mana cewa abin da ya ci Doma ba ya barinta.

Ba ma cewa akwai Taq na biyu a ɗaya daga cikin wuraren nan. Abin da muke cewa shi ne yanayin ya dace, kuma wanda ya fara dubawa ya rubuta shi ne zai riƙe takarda.

Ba sai an je sahara ba ma. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ɗakin kiwon irin waɗannan halittu ne da ya girmi kalmar kimiyyar kanta. Idan marini ya haɗa baba da toka da kanwa a rijiyar rini ya bar ta kwanaki, bakteriya masu son kaifin toka ne ke sauya shuɗin baban ya narke a ruwa har ya iya kama zare, sannan iska ta mayar da shi shuɗi idan aka ɗaga tufar. Masu bincike a Japan sun ware irin waɗannan bakteriya daga tukwanen rininsu na gargajiya, sun ba su sunaye, sun wallafa. Marininmu ya san rijiyar da ta nuna da wadda ta mutu ta hanyar wari da kumfa, ilimin da ya gada kaka da kakanni, kuma rijiyoyin suna raguwa shekara bayan shekara. Duk rijiyar da aka cike da shara ta tafi da halittun da ke cikinta.

A ganinmu, babban kuskure shi ne a mayar da hankali kacokan kan kason da wani kamfanin waje zai biya. Kenya ta gwada, ta ga abin da ya fito. Amfanin da ya fi girma yana wajen yin aiki da inzayim ɗin a gida. Ɗauki jima. Masana'antun fata na zamani suna cire gashi da farar ƙasa da sinadarin salfaid, kuma duk wanda ya taɓa wucewa ta kusa da magudanan Challawa ko Sharaɗa bai buƙatar a yi masa bayanin warin. Inzayim mai narkar da furotin a ruwa mai kaifi yana iya rage yawan salfaid ɗin da ake zubawa ƙwarai, kuma wannan ba sabon tunani ba ne: tun farkon ƙarni na 20 Bajamushe Otto Röhm ya maye gurbin kashin kare da majeman Turai ke laushin fata da shi da inzayim daga cikin dabbobi. Kano na cikin manyan cibiyoyin fata na Afirka ta Yamma, Zariya na da cibiyar binciken fata ta tarayya a Samaru. Babu hujjar da za ta sa a ce aikin neman inzayim ɗin jima daga ƙasarmu ya tsaya a kundin digiri na biyu da ke shan ƙura a kan kanta.

Haka batun Taq ɗin kansa. Wa'adin haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa, kowa na da damar ƙera shi, kuma ƙerawar ba ta fi ƙarfin sashen nazarin ƙananan halittu na jami'a mai wutar lantarki da firiji ba. Duk da haka da dala muke sayo shi. A farkon annobar korona ɗakunan gwajin da ke iya aikin a duk Najeriya ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, kuma a watan Afrilun 2020, daidai lokacin da Kano ke cikin fargabar yawan mace-mace, an dakatar da gwaji a jihar na kwanaki, ƙarancin kayan aiki na cikin dalilan. A wannan shekarar dai wata cibiya a Jami'ar Redeemer's da ke Ede ta zama ta farko a Afirka da ta karanta cikakken tsarin ƙwayar cutar. Masu ilimin suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kuɗin bincike mai ɗorewa da wutar da ba ta ɗaukewa a tsakiyar gwaji.

Saboda haka muna kira ga Asusun TETFund da hukumar bunƙasa fasahar halittu ta ƙasa su ware kuɗi na musamman, na shekaru ba na wata shida ba, don jami'o'in Maiduguri da Kano da Zariya da Sakkwato su ɗebi samfura daga wuraren kanwa da gishiri da marinai, su karanta DNA ɗinsu, su ajiye su a ma'ajiya ta ƙasa mai rajista, kowane samfuri da sunan garin da aka ɗebo shi da na al'ummar da ke riƙe da wurin. Tun da tafkunan ba su san iyakar ƙasa ba, Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964 ita ce inuwar da ta dace ta haɗa jami'o'in Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru a kan tsari guda, don kada wanda aka hana a Diffa ya zagaya ya ɗiba a Kanem. Mun san rashin tsaro ya rufe wasu daga cikin wuraren. Ba duka ya rufe ba, kuma Ƙofar Mata tana tsakiyar birni.

Najeriya na da ƙa'idojin 2009 kan samun albarkatun halittu da rabon amfaninsu, a ƙarƙashin hukumar NESREA. Ya kamata a fito da su daga durowa, a sabunta su su haɗa da bayanan DNA da ake turawa ta intanet, a kuma sauƙaƙa su ta yadda malamin jami'ar gida zai samu izini cikin makonni. Dokar da ta toshe ɗan gida ba ta hana baƙo, domin shi kwalba ɗaya ce a aljihu. Kuma duk jami'ar da za ta aika samfuri waje don a karanta mata, abin da ke faruwa kullum saboda rashin na'ura, kada kwalbar ta bar harabarta sai da rubutacciyar yarjejeniya da ta fayyace wanda ke da samfurin, da abin da aka yarda a yi da shi, da kason da zai koma ga masu haƙar kanwa da marina idan wani abu ya fito daga ciki.